Ranar Tarewa: Haƙƙin Kyanwar Gida Idan Iyali Za Su Tashi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya sanya mana gidajenmu su zama wurin natsuwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Wani dare, bayan mun tashi daga karatun da muke yi tsakanin Magariba da Isha'i, wani bawan Allah ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce yana da tambayar da yake jin nauyin yin ta a gaban mutane. Ya ce makonni uku da suka wuce ya tashi daga gidan hayar da ya shekara 6 a cikinsa, ya tare a nasa da Allah Ya hore masa ya gina a bayan gari. Ranar tashin an yi ta kai-da-kawo: 'yan dako na fitar da kaya, a-kori-kura na jira a ƙofar gida, mata na sallama da maƙwabta. Da aka gama, ya bi ɗaki-ɗaki ya kulle, ya zuba makullai a aljihu. Da dare ƙaramar 'yarsa ta tambaye shi ina kyanwarsu. Ya ce mata ta je ta kwanta, kyanwa ba ta ɓata, za ta nemi hanyarta. Sai bayan kwana 9 ya koma domin ya miƙa wa mai gida makullansa. Yana buɗe ɗakin ajiya wari ya tarbe shi. Kyanwar tana bayan ƙofa a mace, ga sawun farcenta a jikin katako.

Tambayarsa ita ce: "Malam, shin akwai kaffara a kaina?"

Amsar da muka ba shi tana tafe a ƙarshen wannan bayani. Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo maganar nan shi ne, babu watan da zai wuce ba a samu iyalan da suka tashi daga unguwanninmu ba. Wani kuɗin haya ne ya ƙare, wani canjin wurin aiki aka yi masa, wani ya gama gininsa, ɗalibi kuma ya kammala karatu ko ya tafi dogon hutu ya datse ɗakinsa da kwaɗo. A irin wannan rana ana lissafa komai, har muciya da tsintsiya, amma sau da yawa rai guda da ya shekara yana cin abinci a gidan ba ya shiga lissafi.

Hadisin da ya kamata mai tashi ya tuna

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin wata mata da ta shiga wuta saboda kyanwa. Laifinta shi ne ta tsare ta har ta mutu, ba ta ba ta ci da sha ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙananan halittun ƙasa ta ci ba. Ba a ambaci duka ko yanka a cikin labarin ba. Tsarewa ce kawai da yunwa da ƙishirwa, kuma su ne ainihin abin da ke faruwa idan aka kulle gida da dabba a ciki.

A ɗaya ɓangaren, malaman biyu sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin matafiyin da ya shiga rijiya ya sha ruwa, da ya fito ya ga kare yana lasar damshin ƙasa saboda ƙishirwa, ya koma ya ciko huffinsa ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kyautata wa dabbobi, Annabi (SAW) ya tabbatar musu da cewa akwai shi a cikin kowane mai rai. Wanda ya ruwaito wannan hadisi shi kansa alkunyarsa ta samo asali ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauka yana wasa da ita.

Kyanwa kuwa tana da matsayi na musamman a gidan Musulmi. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Kabsha 'yar Ka'abu, matar ɗan Abu Ƙatada (RA), ta zuba wa surukinta ruwan alwala, sai kyanwa ta zo za ta sha, ya karkata mata mazubin har ta ƙoshi. Da ya ga tana kallonsa cikin mamaki, sai ya sanar da ita cewa Annabi (SAW) ya kore najasa daga kyanwa, ya kuma lissafa ta cikin masu kai-da-kawo a tsakanin mutanen gida. Wanda Shari'a ta lissafa cikin masu zirga-zirgar gida, bai kyautu a manta da shi ranar da mutanen gidan za su tashi ba.

"Ai Allah ne Mai ciyar da ita"

Wani zai ce: ni ban kulle ta ba, na bar ta a waje, kuma hadisin ya nuna cewa saki ma mafita ce. Wani ya ƙara da cewa Allah Ya faɗa a Suratu Hud, aya ta 6, cewa arzikin kowace dabba yana gare Shi. Ayar gaskiya ce, babu shakka. Sai dai arzikin 'ya'yanmu ma yana ga Allah, kuma wannan bai sauke mana wajibcin ciyar da su ba. Allah Yana ciyar da bayinSa ta hanyar sababai, kuma a wajen dabbar da ka ajiye, kai ne sababin.

Saki yana zama mafita ne ga dabbar da za ta iya nema wa kanta. Malamanmu na Malikiyya sun yi wannan bambanci tun da daɗewa. Shehu Halil ya tabbatar a cikin Muhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu wurin da za ta yi kiwo, in kuma ya ƙi ko ya kasa, a fitar da ita daga hannunsa ta hanyar sayarwa. Masu sharhin littafin sun shigar da wata mas'ala mai ban sha'awa a ƙarƙashin wannan: kyanwar da ta makance a gidan mutum har ba ta iya barin wurin, ciyar da ita ya wajaba a kan wanda ta maƙale a wajensa. Dalilin a fili yake, domin rashin iya fita ya mayar da ita tamkar tsararriya.

Idan muka auna da wannan ma'auni, za mu ga cewa dabbobi da yawa da ake bari a baya suna cikin hukuncin makauniyar kyanwar nan. Akwai 'ya'yan kyanwa da ba a yaye ba, da tsohuwa wadda haƙoranta suka zube, da mai rauni, da wadda tun tana ƙarama a ɗaki ta tashi ba ta taɓa kama ko ƙadangare ba. Akwai aku da kanari da ke cikin keji, da zomon da ke cikin akurki, da karen da ke ɗaure. Gidajenmu na yanzu kuma, masu dogayen katangu da daɓen siminti da ƙofar ƙarfe, ba irin gidajen ƙasa na dā ba ne masu rumbu da kafofi, inda kyanwa ke samun ɓera ta kuma tsallaka maƙwabta. Tsakar gidan da aka rufe ƙofarsa aka kashe famfonsa kurkuku ne, ko da sama a buɗe take.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Shawara kan makomar dabbar tana farawa ne tun ranar da aka fara neman gida. Idan haya ce, a tambayi mai gida ko wakilinsa ko ya yarda a ajiye dabba. In ya gindaya sharaɗin hanawa kuma ka amince, to sharaɗin ya hau kanka, domin Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka matuƙar bai saɓa wa Shari'a ba. Shigo da ita a ɓoye ha'inci ne, kuma ranar da asiri ya tonu dabbar ce za a fara jefarwa waje.

Idan ba za a iya tafiya da ita ba, a nema mata wanda zai karɓe ta da yardarsa, maƙwabci ko ɗan'uwa, a kuma yi maganar a fili. Cewa "ai mutanen layi za su riƙa ba ta" ba miƙa amana ba ne, domin abin da aka bar wa kowa ba shi da mai shi. Game da sayarwa, Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) tsawatarwa kan cin kuɗin kyanwa. Mafi yawan malamai sun halatta cinikinta, suka ɗauki hanin a matsayin karhanci ko kuma a kan wadda ba ta da amfani, wasu kuma suka tsaya a kan zahirinsa. Bayar da ita kyauta ya fitar da mutum daga saɓanin gaba ɗaya.

Idan kyanwar tana shayarwa, kada a raba ta da 'ya'yanta. Masu ilimin dabbobi suna cewa sai sun kai kimanin mako 8 kafin su iya rayuwa ba tare da uwa ba. Ko dai a tafi da su duka, ko a miƙa su duka. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana kaɗa fikafikai a kansu. Da Annabi (SAW) ya dawo ya gan ta, ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya umarta a mayar mata da su.

Yana da kyau kuma a kai dabbar wurin likitan dabbobi kafin tashi, a duba lafiyarta, a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, wanda yake kama kyanwa kamar yadda yake kama kare. Cuta ce da idan alamominta suka bayyana ga mutum kusan ba a tsira daga gare ta. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu samar da rigakafin ga dabbobi a Najeriya, kuma ana yin allurar a asibitocin dabbobi. Wanda zai shiga sabuwar unguwa mai cike da yara, wannan yana cikin haƙƙinsu a kansa.

Ranar tashi

Kyanwa dabba ce da ta ɗamfaru da wuri. Idan ka ga tana goga kumatunta a jikin ƙofa ko ƙafar kujera, wani wari ne take bari wanda hancin mutum ba ya ji, da shi take gane cewa nan gidanta ne. Ranar da aka fara janye kujeru, baƙin fuskoki suka cika gida, hayaniya ta tashi, abin da take yi shi ne ta nemi lungu mafi duhu ta ɓuya ta yi shiru, ko an kira ta ba za ta amsa ba. Ta haka ake kulle ta ba a sani ba.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Tun da sassafe, kafin 'yan dako su iso, a kwashe kayan ɗaki guda, a saka ta a ciki da ruwa da ɗan yashi, a rufe, a gaya wa kowa kada ya buɗe. A ɗora wa mutum ɗaya alhakinta, a kira sunansa. A ba ta abinci kaɗan sa'o'i kafin tafiya, domin cikakken ciki da girgizar mota suna jawo amai. Idan an gama lodi, a saka ta a kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huda masa kafofin iska, a shimfiɗa mata tsumman da ta saba kwanciya a kai. Kada a ɗaure ta a buhu, kada a jefa ta a but ɗin mota, kada a ɗora ta a saman kaya cikin rana. A lokacin bazara motar da ke rufe tana iya kashe dabba kafin a gama sallama da maƙwabta. Kada kuma a ba ta maganin mutane da sunan kwantar mata da hankali: farasitamol da muke sha don ciwon kai guba ne mai kisa ga kyanwa.

Kafin a sa kwaɗo, maigida da kansa ya bi ɗakuna da ɗakin girki da ɗakin ajiya da banɗaki, ya leƙa cikin durowar bango da rufin ɗaki idan akwai kafa. In har ba a gan ta ba, a bar wata kafa a buɗe, a ajiye ruwa, a bar makulli wurin maƙwabci amintacce, a dawo washegari.

Makonnin farko a sabon gida

Da an isa, a ware mata ɗaki guda da abincinta da ruwanta da robar yashi, a bar ta ta fito da kanta idan ta natsu. Bayan kwana biyu ko uku a bar ta ta zagaya sauran ɗakuna. Amma kada a sake ta waje sai bayan kimanin mako 2 zuwa 4, domin idan aka yi gaggawa za ta kama hanyar tsohon gida, kuma a hanyar ne mota ko karnuka ko yara ke halaka da yawa daga cikinsu. Ranar da za a fara sakinta, a yi hakan kafin lokacin cin abincinta, yunwa za ta dawo da ita.

Mai karatu zai iya cewa: to wannan ba ita ce tsarewar da aka yi wa matar nan azaba a kanta ba? Hafizu Ibnu Hajar ya amsa wannan a Fathul Bari, inda ya ciro daga hadisin halaccin ajiye kyanwa har ma da ɗaure ta, muddin ba a yi sakaci da cinta da shanta ba, ya kuma haɗa sauran dabbobi masu kama da ita a hukuncin. Tsarewa domin kare ta, tare da ci da sha, kyautatawa ce.

A duba gidan da idon mai neman haɗari. A rufe bakin rijiya da tankin ruwa da ramin shadda. A share maganin ɓera da wataƙila wanda ya tashi ya bari a lunguna. Idan an yi feshin maganin ƙwari, a bari ya bushe iska ta ratsa kafin a shigo da ita. Duk waɗannan kariya ce ga yaran gidan ma.

Masu kiwon tattabaru, musamman matasanmu, sun san cewa manyan tattabaru suna komawa inda suka saba, don haka sai an tsare su na wasu makonni a sabon ɗakinsu kafin a sake su. Tsuntsun keji kuwa a lulluɓe kejinsa da mayafi mara nauyi a hanya. Ajiye tsuntsu halas ne, kuma malamai sun kafa hujja da labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik (RA), wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) bai hana shi ba, har ma da tsuntsun ya mutu ya tambaye shi labarinsa domin ya rarrashe shi. A cikin wannan akwai darasi ga uban da 'yarsa ta tambaye shi kyanwa ya ce ta je ta kwanta.

Kare yana da nasa hukunci. Hadisai ingantattu sun nuna cewa ajiye shi ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba yana rage ladan mutum a kowace rana, kuma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya tafi a kan haka a cikin Risala. Wasu malamai sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan idan akwai buƙata ta gaskiya, kamar gidan da ke gefen gari. Amma ko da mutum ya ga sabon gidansa ba ya buƙatar kare, wannan bai ba shi damar barin sa ɗaure a kango ba. Ya miƙa shi ga manomi ko makiyayi ko mai gadin da zai amfana da shi.

Haƙƙin sababbin maƙwabta

Sabon zuwa baƙo ne, kuma abin da ya fara yi shi ake riƙe shi da shi. Kyanwar da ta saba ɗaukar 'yan tsaki ko shiga ɗakin girkin mutane tana iya ɓata zumuncin da ba a ma fara ƙullawa ba. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib (RA) da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsare gonaki da rana yana kan masu su, ɓarnar dabbobi da dare kuwa tana kan masu dabbobin. Wanda ya san dabbarsa da ɓarna, ya ƙosar da ita, ya tsare ta da dare, in ta yi ta'adi ya ba da haƙuri ya biya.

Sai kuma camfi. Har yanzu akwai masu barin baƙar kyanwa a baya saboda zargin aljanu ko maita, akwai masu yanka a bakin sabon gida domin neman yardar "mutanen ɓoye". Na farko zalunci ne ga dabbar da ba ta zaɓi launinta ba, na biyu kuwa yanka ne ga wanin Allah. Kariyar gida tana cikin abin da ya tabbata: addu'ar neman tsari da Khaula 'yar Hakim (RA) ta ruwaito ga wanda ya sauka a wani masauki, da karanta Suratul Baƙara a cikin gida, dukkansu a Sahihu Muslim. Wanda ya so ya yi walima domin godiya ga Allah ya ciyar da maƙwabta, babu laifi.

Amsar da muka ba shi

Mun ce wa ɗan'uwan nan: Shari'a ba ta ajiye wata kaffara ƙayyadaddiya, ta azumi ko ciyarwa, a kan mutuwar kyanwa ba. Kulle ta da ka yi ba da sani ba kuskure ne, kuma Allah ba Ya kama bawa da kuskure da mantuwa. Inda nauyin yake shi ne daren da 'yarka ta tuna maka. Daga wannan lokaci ba mantuwa ba ce, ga makulli a aljihunka, tafiyar kuma ba ta kai awa guda ba. Wannan sakaci ne, maganinsa tuba da istigfari, da yawaita kyautatawa, musamman ga irin halittar da aka cutar. Ka ajiye ruwa a inda dabbobi da tsuntsaye za su sha, ka kuma gaya wa 'yarka cewa ita ce ta yi daidai a daren nan, domin kada ta tashi da tunanin cewa tausayin da ta ji shirme ne.

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce abin da ya fi damun sa shi ne ya koma tsohuwar unguwar a rana ta uku domin karɓar wani saƙo, ya wuce ta ƙofar gidan bai shiga ba.

Allah Ya gafarta mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya sanya albarka a gidajenmu, tsofaffi da sababbi, Ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da Ya sanya a ƙarƙashin kulawarmu. Allah ne Mafi sani.